Ga 'yar'uwar da ake yi wa dariya don tana kallon tsohon katun

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki raina ya sosu, don abin da kika faɗa duk ya same ni. Kin ce 'ya'yanki uku, kin tsinci Avatar a wayar ƙanenki, kin kalla har ƙarshen zango na biyu, dangin miji na yi miki dariya wai kin girme wa katun, kuma duk wanda kika tambaya sai ya ce ai tsohon yayi ne, an gama shi tun tuni. Kina son ki san ko kin makara, ko akwai abin da ke damunki, da kuma inda za ki samu sauran. Lafiyarki lau, kuma ba ki makara ba. Ki saurare ni, don ni na sha wadda ta fi taki ɗaci.

Ni a ƙauye na tashi, can gefen Talata Mafara. A 2005 da tashar Nickelodeon ta fara nuna wannan shiri a Amurka, ni ina tsakanin rijiya da turmi. Garinmu babu wuta. Talabijin ɗaya ce, a wurin mai shayi, sai dare ya tada janareta, kuma kin san ɗiya mace ba ta isa ta je ta tsaya a nan ba. Aka gama shirin a 2008 ban ko san an yi shi a duniya ba. To don Allah yaushe ake so mu gani? Waɗanda suka tashi a gidan dish da risiba su ne ke da bakin cewa tsohon yayi. A wurinsu ya tsufa, a wurinmu yau ya fito. Labari mai kyau ba tuwo ba ne da zai kwana ya lalace.

Ni sai a watan Satumba na 2021 na gamu da shi, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara. In kina Gusau a lokacin, kin tuna yadda muka yi. Ba kira, ba saƙo, ba ka san halin da naka ke ciki a ƙauye ba, an hana sayar da mai a jarka, cajin waya ma sai da dabara. Ni ɗinki nake yi a gida, aiki ya tsaya, barci ya ƙaurace mini. Ƙanena da ke karatu ya ga yadda nake zama shiru, ya tura mini shirin a memorina ya ce, "Yaya, ki gwada wannan ko ya ɗebe miki kewa." Turancina ba mai yawa ba ne, amma na gane labarin sarai. Yaro ɗan shekara 12 ya daskare cikin ƙanƙara shekara 100, ya farka ya tarar an gama da mutanensa kaf, yaƙi ya ci duniya. Tun daga nan na san ba wasan yara aka zauna aka zana ba.

Tunda kin gama zango na biyu zan iya yi miki maganarsa ba tare da na ɓata miki komai ba. Kin tuna wurin da 'yan gudun hijira suka cika tashar jirgin ruwa suna neman shiga birnin Ba Sing Se, kowa da ƙunshinsa, ana tambayar su takarda, har da mace mai ciki da ta haihu a hanya? A lokacin innata da 'ya'yanta suna kwance a ɗakin zaurenmu, sun baro gonarsu da rumbunsu, abin da suka fito da shi bai wuce tabarma da tukunya ba. Ina kallon waya, ina jin tarin ƙaramin ɗanta ta bango. Sai kuma satar Appa, bijimin nan mai ƙafa shida da ke tashi sama, da aka ɗaure shi da igiyoyi a hamada aka ja shi. Kashi na 16 gaba ɗaya a kansa aka yi, yadda aka sayar da shi ga masu wasa da dabbobi, ana tsorata shi da wuta, yana yawo da yunwa yana neman mai shi. 'Yar'uwa, babanmu, Allah ya jiƙansa, shanun nomansa aka kore cikin dare, kuma har ya koma ga Allah bai bar ambaton wani jan sa da ya raina tun yana maraƙi ba. Na kifa wayar a cinya na yi kuka sosai. Wanda bai taɓa rasa dabbar da ya raina da hannunsa ba ba zai gane ba, kuma ban nemi ya gane ba.

A kan wannan kukan aka ci mutuncina. Sunan ɗan ƙanwar maigidana ake yi a babban gidansu. Tun asuba muke kan murhu, na tuƙa tuwo, na yi wanke-wanke, hannuna har ya yi fari. Bayan la'asar da aka gama rabon abinci na samu lungu bayan ɗaki na zauna kan turmi, na sa iyafis, ina son in ga ko an samo Appa. Ban ji zuwan yayar maigidana ba sai ji na yi an fizge wayar, har iyafis ɗin ya tsinke a kunnena. Ta fita da ita tsakar gida, ta ɗaga sama, mata cike har da baƙi daga Ƙauran Namoda da ban taɓa gani ba, ta ce, "Ku zo ku ga abin da matar ƙanena ka kallo! Ɗiyan tsana! Mace da ɗiya huɗu ta zamna tana kuka don an sace sa mai tashi sama. Mi yah haɗa ki da wanga shirme?" Aka kwashe da dariya, har da tafi. Wata ta ce a nema mini rubutu in sha. Ina tsaye, zanena duk toka, na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Yaya, don Allah ki ba ni." Ta ce sai ta raba ni da abin da ke hana ni kula da gida. Wace rana ta zo gidana ta tarar ban yi girki ba? Wace rana ta ga 'ya'yana da dauɗa? Ita da ke kwana kan fim ɗin Indiya mai fassara, tun daga isha'i har wayarta ta mutu, ba wanda ya taɓa ɗaga ta a gaban mutane.

Ta zare memorin ta ba ɗanta, saurayi ne ba yaro ba. Washegari aka aiko mini da shi wayam. Ya yi masa fomat ya zuba kokawa, da ya ga ba ya so kuma ya goge. Abin da har yau nake jin zafinsa, a cikin memorin nan hotunan babanmu suke, na sallarsa ta ƙarshe, yana zaune kan buzu da farar hula, da wata 'yar muryarsa da ya aiko mini yana sa mini albarka. Babu su a ko'ina. Na kai wa masu gyaran waya, suka ce tunda an zuba wani abu a kai ba za su dawo ba. Da na yi wa yaron magana, ko haƙuri bai ba ni ba, sai ma ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya ya zayyana mini yadda shirin ya ƙare, wa ya yi nasara, wa ya koma wane ɓangare, don dai ya ƙona mini rai. Maigidana kuwa cewa ya yi in yi haƙuri, yayarsa ce, ba ya iya ɗaga mata murya. Na yi haƙurin, muna gaisawa, ranar salla ina kai mata abinci. Amma har yau ba ta ce mini ta yi ba daidai ba, kuma ni ban manta ba.

Shi ya sa kafin komai nake roƙon ki, yau ɗin nan, ki raba hotunanki da katun ɗinki. Ki sayi memori na biyu ko filash, hotunan iyaye da na yara ki ajiye su wuri biyu, ki tura wa wata 'yar'uwarki ma ta riƙe. Ki sa wa wayarki makulli. Kuma a gidan biki ko suna ki bar ta cikin jaka, ba don kina laifi ba, don dai akwai masu jiran abin da za su yi hira da shi.

Maganar inda za ki samu kuwa, masu tura fina-finai a waya suna da shi, amma ki buɗe ido. Idan kika ce Avatar kawai, fim ɗin mutanen nan masu shuɗin jiki na 2009 za su tura miki, ba ruwansa da namu. Akwai kuma wanda mutane na gaske suka fito a ciki a 2010, da wani irinsa na Netflix a 2024, duk ba shi ba ne. Ki ce na katun, mai yaro mai kibiya a goshi. Zango uku ne, na ɗaya kashi 20, na biyu 20, na uku 21, duka 61, kowanne minti ashirin da 'yan kai. Huɗun ƙarshe labari ɗaya ne, wani lokaci a haɗe suke zuwa, don haka in kin ga lissafi bai cika ba ki duba ko na ƙarshen ya kai awa ɗaya da rabi. A buɗe miki a gabanki, ki ji ko murya na tafiya daidai da baki, kafin ki biya. Idan yaro za ki aika, ki rubuta masa a takarda. In kin ga baƙi a gefe da gefen hoton kar ki ce an cuce ki, don tsohuwar talabijin mai kusurwa huɗu aka zana shi. Kuma ki toshe kunnenki. Duk wanda ya fara "ai a ƙarshe", ki tashi ki ba shi wuri. Ni ba zan faɗa miki ko kalma ɗaya ta zango na uku ba, don na san zafin abin.

Masu cewa kin makara, ki gaya musu a Amurka ma, inda aka yi shi, da aka sa shi a Netflix a 2020, shekara 12 bayan an gama, sai da ya hau kan gaba a abubuwan da aka fi kallo, kuma manya da yawa a lokacin suka fara ganin sa. Tom da Jerry da kowa ke dariya a kansu tun 1940 aka fara su, sun girmi iyayenmu, wa ya taɓa cewa sun tsufa? Shi kansa maigidana, da abin ya lafa, wata rana ya leƙo ya ce shi ma yana yaro a Sakkwato ba ya wasa da lokacin Voltron a NTA, zakuna biyar da ke haɗuwa su zama ƙato ɗaya. Na 1984 ne. Na sa ƙanena ya nemo masa, ya zauna da babban ɗanmu suka kalla. Na ji daɗi, amma raina ya ce da ma a tsakar gidan nan ka faɗi haka.

Wani abu kuma, tunda kina da yara za su zo su jingina da ke. Akwai abubuwan da ba namu ba a ciki, musamman batun cewa rai na barin wani jiki ya sake dawowa a wani, da sha'anin iskokinsu. Ni nakan tsayar in ce musu wannan tatsuniyar wasu mutane ce, mu ba haka muka yi imani ba, sannan mu ci gaba. Ki riga su kallo kullum, don ba kowane katun ne na yara ba, akwai na Japan da ko ke ba za ki so gani ba. Kiran salla kuwa a kife waya, kar ki ba masu magana ƙofa. Idan zuciyarki na wasiwasi kan hukuncin zane, ki tambayi malaminki na Islamiyya, kar ki ɗauki fatawar wadda ba ta ƙaunar ki.

Na so in tambaye ki, ya kika ji a wurin tsohon nan Iroh mai son shayi, da ya hau tudu ya ajiye hoton ɗansa da ya mutu a yaƙi a gindin bishiya? Ƙanena ya ce mini mutumin da ke yin muryarsa, Mako, ya rasu a 2006, shi ya sa aka rubuta sunansa a ƙarshen wannan yanki. Ni duk lokacin da na zo wurin nakan tuna shi yana da hoton da zai ajiye, ni an goge mini nawa.

Idan kin gama, ki nemi Adnan wa Lina. Na Japan ne, na 1978, kashi 26, Larabawa suka mayar da shi harshensu da Larabci mai tsabta, wanda in kin yi Islamiyya za ki tsinci abubuwa da yawa, yarana har kalmomi suka koya. Akwai kuma Korra, ci gaban Avatar da aka fara a 2012, amma ni bai shiga raina kamar na farko ba, kuma ban ba yara shi ba. Naruto kar ki fara yanzu, na farkon kaɗai kashi 220 ne, na biyun 500, zai cinye miki memori da lokacin ɗinki in kina sana'a.

In a Gusau kike, ki yi mini magana ta akwatin sirri. Ina Tudun Wada, zango na ukun yana nan a filash ɗina cikakke, muryarsa tar. Ki aiko yaro da memori wanda babu hoton kowa a ciki, in sa a tura miki.