Amsa kan baƙin shafin da ke jikin bakin injin huda ƙarfe

Malam, ka tambaya ko baƙin launin da ke jikin bakunan injin huda da kake saya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano shi ne shafin kabon mai kama da lu'ulu'u da ka ji ana magana a kai. A ganina, mafi yawansu ba shi ba ne. Baƙin da aka saba gani a kasuwa wata irin tsatsa ce da ake haddasawa da gangan don kare ƙarfen, masu launin zinariya kuwa wani sinadarin ƙarfen taitaniyam ne aka shafa musu.

Shi shafin kabon na gaskiya, wanda masu bincike Aisenberg da Chabot suka fara bayyana shi a 1971, ana ɗora shi ne a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, kuma kaurinsa ba ya wuce 'yan kaso cikin dubu na milimita. Ƙwayoyin kabon ɗinsa wasu sun haɗu kamar na lu'ulu'u, wasu kamar na bakin fensir, shi ya sa yake da tauri da santsi a lokaci guda. Babbar matsalarsa, wadda masu bincike ke fama da ita har yanzu, ita ce ɓarewa daga jikin ƙarfe, don haka ake fara shimfiɗa sinadarin kuromiyam ko silikon a ƙarƙashinsa.

Tunda ka ce tagogin alminiyam kake haɗawa, baki mai shafin kabon zai amfane ka ƙwarai, domin alminiyam ba ya manne masa. Amma kada ka huda baƙin ƙarfe da shi, saboda huda baƙin ƙarfe na haifar da zafi sosai, kuma zafin da ya haura digiri 300 zuwa 400 a ma'aunin Celsius yana lalata shafin.