Kyamarata hula kawai take ɗauka: laifin na'ura ne ko na wuri?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni magidanci ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, ina taɓa harkar riɗi. Gidana na ƙasa ne, ƙofar zaure tana kallon gabas. Gefe guda akwai dakali da rumfar kwano, ɗaya gefen kuma shagon da nake ajiye buhuna, babur kuma a zaure yake kwana. Bayan kaka aka ɗauke min buhu biyu, sai ɗana ya sayo kyamara mai sola da layin waya daga Kano, ya hau tsani ya kafe ta can kusa da zanko, wai don kada a sace ta. Makon jiya aka zare galan ɗin fetur a bakin zaure. Da muka duba, mutum ga shi nan, amma hula da kafaɗa kaɗai ake gani. Da dare kuma rabin hoton fari fat, rabin baƙi ƙirin. In sake wata ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kada ka sake saye tukuna, tsani za a sake ɗaukowa.

Abin da ɗanka ya yi shi ne abin da na fi tararwa idan aka kira ni gyara. Kowa gani yake ƙara tsawo ƙara tsaro ne. To amma me ake so a gani? Fuska. Ita kuwa fuska a gaban kai take, ba a samansa ba. Mu ƙaddara kyamararka tana mita 4 da rabi daga ƙasa, fuskar mutum kuma tana wajen mita 1.6, ya tsaya mita 2 daga bango. Kyamarar tana leƙensa ne daga sama kamar shirwa, karkatar ta haura digiri 50. Ko kube ya sa, goshi da hanci ne za su fito. In hana-sallah ce kuwa, an gama. Sauko da ita mita 2 da rabi, mutumin yana mita 3 daga gare ta, karkatar ta koma ƙasa da digiri 20, sai ga ido da baki. Idan babu tef na awo a gida, a sa dogon mutum ya miƙa hannu sama iya ƙarfinsa, a ƙara tafin hannu biyu a kan inda yatsansa ya tsaya. Nan ne wurin.

Sai maganar nisa, wadda masu sayarwa ba sa yi wa mutane bayaninta. Hoton kyamara ɗigo-ɗigo ne. Wadda aka rubuta 1080 a kwalinta tana da ɗigo 1920 daga hagu zuwa dama, kuma duk faɗin filin da ka ba ta, waɗannan ɗigon ne za ta raba masa, kamar tuwon mutum biyar da aka kira mutum ashirin. Ma'aunin da masu wannan sana'a suke bi ya ce kana buƙatar ɗigo 25 a kowace mita don ka san mutum ne ba tunkiya ba, 125 don ka gane wanda dama ka sani, 250 kuma don a tantance baƙon fuska. Raba 1920 da 250, za ka ga faɗin da take kallo bai kamata ya wuce mita 7 da rabi ba. Mai ido 2.8mm, wadda take buɗewa sosai, tana kai wannan faɗin tun a mita 3 daga gabanta. Mai 4mm tana kai wa mita 4 da 'yan kai, mai 6mm kuma wajen mita 7. Duba jikin kwalin ka ga wacce ce taka. Bayan wannan nisan za ka ga riga da irin tafiya, ba za ka ga kamanni ba. Gaskiya a ƙauye sau da yawa tafiyar ma ta isa, don da ɗan gari akan ci gari, wanda ya san ranar da ka tafi kasuwar Maigatari ta Alhamis ba daga Legas ya zo ba. Amma zargi da tafiya kaɗai yana raba zumunci, gara a samu fuskar.

Saboda haka ka cire ran ganin layi gaba ɗaya. Ƙofa biyu ne abin tsaronka, ta zaure da ta shago, kuma Allah ya taimake ka suna bango ɗaya. Da ni ne a wurin, a ginshiƙin rumfar nan na waje zan ɗaure ta, ƙarƙashin bakin kwano, ta kalli ƙofar zaure a karkace, ƙofar shago tana bayanta a cikin hoto guda. Ka auna kada tazarar ta da ƙofar shagon ta wuce abin da na faɗa a sama.

Dalilin karkacewar biyu ne. Ƙofarka gabas take kallo. Duk kyamarar da aka manna a saman ƙofa ta fuskanci waje, daga fitowar rana har hantsi hasken zai riƙa dukan idonta, duk wanda ya tunkaro sai ya zama inuwa baƙa. Kuma ka san hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne yake shan duka da damina. Idan ta kalli kudu ko arewa, ta tsira daga duka biyun. Na biyun kuma, irin waɗannan masu sola ba sa ɗauka dare da rana. Barci suke yi, sai wani ɗan ido da yake jin ɗumin jiki ya tashe su. Wannan idon ya fi saurin jin wanda ya gilma ta gabansa fiye da wanda ya nufo shi kai tsaye. Shi ya sa wasu suke kawo min hoton ƙeyar ɓarawo yana fita: kafin ta farka ya riga ya shige. Ka kuma sani, a tsakiyar bazara, Afrilu da Mayu, lokacin da bango da ƙasa suka ɗauki zafin da ya kusa na jikin mutum, jin nata yana raguwa. A lokacin sai a ƙara mata ƙarfin ji a cikin manhajar wayar, da hunturu a rage, in ba haka ba kowace akuya ta gilma sai ta buga maka waya, batir ya ƙare kafin asuba.

Farin nan na dare ba lalacewa ba ne. Kyamara tana da fitilar da idonmu ba ya gani, da ita take haska duhu. Daga inda take yanzu, kwanon rumfarka yana ƙasanta, hasken yana dukan kwanon ya dawo mata, sai ta tsuke ido, sauran wurin ya yi baƙi. Haka farin bango yake yi, haka reshen darbejiya, haka yanar gizo-gizo guda ɗaya tak da ta ratsa gaban gilashin. In kun sauko da ita, ku tabbata babu komai kusa da ita cikin hoton, ko bakin kwano ko ginshiƙi. Abin da ya fi wannan ma, ka sa ƙaramin ƙwan sola a saman ƙofar zaure, nesa da kyamarar da kamar mita 2. Hoto zai fito da launi, ka san kalar riga, kuma ƙwarin damina za su tattaru a ƙwan su bar mata ido.

Na san abin da ɗanka zai ce: in aka sauko da ita, sanda ma ta isa. Gaskiyarsa, kuma katin da hoton yake ciki a jikinta yake, in ta tafi ya tafi. Amma wanda ya miƙa hannu zai cire ta, shi ne ya kawo fuskarsa kusa, in akwai sabis kuma an kunna saƙon gargaɗi, hoton yakan riga shi isa wayarka. Mai walda zai yi maka ɗan keji na rodi, a bar gaban a buɗe. In kuma kana da halin ta biyu, kada ka ƙara ta a waje. Cikin zaure za ka sa ta, a bangon gefe, tana kallon ƙofar shigowa a karkace don hasken waje kada ya kashe ta da rana. Zaure mazurari ne, duk mai son babur ɗin nan dole ya bi ta ƙofa mai faɗin mita ɗaya, kuma da ya wuce kyamarar waje yakan saki jiki. Kakanninmu da suka ƙi daidaita ƙofar waje da ta ciki don kada baƙo ya hango tsakar gida sun gama mana rabin aikin: ka juya mata baya ga cikin gida, iyali ba sa cikin hoton. Faifan solarta sai a ja waya a fitar da shi sama.

A nan zan ɗan ja kunne. Daga kusa da zanko, musamman in irin mai juyawa ce, babu mamaki tana leƙa tsakar gidan maƙwabcinka, inda mata suke aiki ba lulluɓi, ga kewaye babu rufi. Na taɓa zuwa wani gari da magana irin wannan ta kai gaban mai unguwa. Mai kyamarar ya rantse bai taɓa juya ta ba, kuma na yarda da shi, amma wayar tana hannun yara uku. Addini ya hana leƙen asirin mutane, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya kare sirrin gidajensu. In kun gama kafawa, kira maƙwabcin ka nuna masa abin da take gani, da idonsa. Kashe mata ɗaukar murya, don dattawan da suke hira a dakalinka bayan la'asar ba su zo a naɗe su ba. Lambar sirrin da ta zo da ita a canza, a kuma san wayar wa da wa take kai. In mai juyawa ce, saita ta a ƙofa ka ƙyale ta. Duk lokacin da aka juya ta kallon masu wucewa, ƙofa ba mai gadi.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Kusa ba ta kama bangon ƙasa, damina ɗaya za ta saki, sai an binne guntun azara ko katako an ɗaura a kai. Ginshiƙin rumfar in yana rawa da iska a ƙarfafa shi. A bar tazara tsakaninta da kwano, batirin lithium ba ya son caji a zafin da ya haura digiri 45, kada kuma ta zauna ƙarƙashin indararo. Faifan sola ya kalli kudu, a ɗan kwantar da shi kamar digiri 12 zuwa 15, gwargwadon inda muke a doron ƙasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana rufe faifan da gilashin, a riƙa gogewa da tsumma mai laushi duk Juma'a. A saita mata kwanan wata da agogo daidai, don ranar da za a kai hoton wajen 'yan sanda, abin da za su fara dubawa ke nan.

Kafin a buga kusa ko ɗaya, ku ɗaure ta da robar tayar babur a wurin da kuka zaɓa, ta kwana biyu. Ɗanka ya sa hana-sallah da rigar da ba a san shi da ita ba, ya zo ƙofar shago da sassafe rana tana fitowa, ya sake da azahar, ya sake bayan isha'i, sau ɗaya ta kudu sau ɗaya ta arewa. Sai ka tsayar da hoton, ka miƙa wa wani da bai san an yi gwajin ba, ka ce masa wane ne wannan? In ya tsaya yana matse ido, a ƙara saukowa da ita tafin hannu ɗaya, ko a matso da ita kusa da ƙofar, a sake gwadawa.