Gwajin kariyar lantarki a boris ɗin injin lantarki

Ɗan'uwa, ka ce ka gwada boris mai kariya da Megger, na'urar auna kariyar lantarki, ya nuna sifili, kana tunanin ya lalace. Kada ka yi saurin cire shi. Galibi boris ɗin baya kaɗai ake karewa, don haka wutar gwajin na zagayawa ta na gaba, shi ya sa kake ganin sifili.

Kashe wuta, raba injin da abin da yake juyawa, cire burushin da ke sauke wutar sandar injin (shaft) zuwa ƙasa da wayar auna zafi. Ɗaga sandar a gefen gaba, ko ka raba ta da jikin injin da takardar kariya. Sannan ka auna tsakanin sandar da jikin injin a 500V DC. In ya nuna megaohm 1 (ohm miliyan ɗaya) zuwa sama, kariyar ta yi.

Danshi da ƙurar ƙarfe na rage karatun, goge ka busar tukuna. Ƙaramar mitar auna wuta ta yau da kullum ba ta isa wannan gwajin ba. In injin babba ne ko yana kan VFD, na'urar sarrafa gudun injin, kira masu gyaran injin, domin ɗaga sandar na buƙatar kayan aiki.