Ƙaguwa mai ɗigon ja ba ta rayuwa a ruwan daɗi

Malam, ka tambaya ko ƙaguwar nan mai jajayen ɗigo 11 a bayanta za ta rayu a kwamin tarwaɗarka a nan Maraɗi. Gaskiya ba za ta rayu ba. 'Yar teku ce, tana zama cikin duwatsun murjani a ruwa marar zurfi na Tekun Indiya da Fasifik. Da dare take fitowa, ta fasa dodon koɗi da babbar ƙafarta ta gaba mai kama da awartaki ta cinye.

Jininta ya saba da gishirin teku, ruwan pampo ko na Gulbi zai shige jikinta har ta mutu. Na daɗe ina kiwon kifi, don Allah kada ka ce za ka zuba gishirin miya, ba ya zama ruwan teku.