Abin da ke kai mu Limbe da iyalanmu

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne mu Hausawan Duwala ta ƙasar Kamaru muna kwasar mata da yara zuwa bakin teku, kana kuma mamakin yadda hakan zai dace da kunyar da aka san mu da ita. Gaskiya ne muna zuwa, kuma ina cikin masu ganin alherin abin.

Unguwarmu ta New Bell a cunkushe take, yaro yana iya girma bai san komai ba sai lungu da makarantar allo da shagon mahaifinsa, alhali Limbe, garin da ke bakin teku, ba ta wuce kimanin kilomita 70 daga nan ba. Gidaje uku ko huɗu ne suke haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota, mata su dafa abinci tun da dare, a ɗaure tabarmi da butoci, a tashi bayan sallar asuba. Ana bi ta Tiko har Mutengene, inda hanya ta rabu, ɗaya ta hau Buea, ɗaya ta gangara teku. Sammakon nan da gangan ne, domin mu riga masu shaye-shaye isa, mu kuma bar musu wurin kafin su cika shi.

A can mata suna zama gefe guda cikin hijabinsu, yara ba sa shiga ruwa fiye da gwiwa, kuma lallai a sa babban mutum ya tsaya a kansu, saboda igiyar teku ba irin ruwan tafkin da ka sani ba ce. Rairayin wurin baƙi ne, domin garin yana gindin Dutsen Kamaru mai aman wuta, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000. Wurin da na fi so a kai yara shi ne Bakingili, inda narkakken dutsen da ya kwararo a 1999 ya tare hanya, ya daskare daf da teku. Yaron da ya taka wannan tudu da ƙafarsa ba ya buƙatar dogon bayani a kan ikon Allah. Daga nan sai lambun itatuwan da Jamusawa suka kafa a 1892, da gidan da ake kula da biran da aka ƙwato daga hannun mafarauta, a ƙarasa da gasasshen kifi a Down Beach.

Buea kuwa, da ke jikin Dutsen Kamaru, sanyi muke je wa, tun da Duwala ba ta san hunturu ba. Hawa ƙololuwa sai samari, su ma da ɗan jagora. 'Yan ƙabilar Bakweri suna da al'adunsu game da dutsen, mu ba ma shiga, ba ma kuma yi musu izgili, domin ƙasarsu ce.

Tun da rikicin yankin masu magana da Turanci, inda Limbe da Buea suke, ya ɓarke a 2016 muka ƙara taka tsantsan: ba ma tafiya ranar Litinin, wadda 'yan aware suka mayar ranar zaman gida a yankin, sai mun tuntuɓi 'yan'uwanmu na Tiko da Limbe, kuma muna juyowa kafin magariba. Damina ma tana hana mu, domin a Debundscha, can gaba da Limbe, ruwan shekara yana kai kimanin milimita 10,000. Idan Sallah ta faɗo cikin ruwa sai mu ɗaga zuwa hutun Disamba, kuma lokacin nan nake ba ka shawarar ka kawo naka iyalin.