Jijin Dutsen Azbin da Allurar Baba

Tambaya: Malam, mahaifina yana da ciwon suga. Wani mai magani ya kawo masa saiwar wata 'yar ciyawa mai kama da jiji, ya ce a duwatsun Azbin kaɗai ake tono ta. Yanzu Baba yana cewa zai ajiye allurarsa. Da gaske akwai wannan ciyawa? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Amsa: Ɗana, Allah ya ba Baba lafiya. Ciyawar akwai ta. Dangin aya, jiji da kajiji suna fitowa har a tsakiyar Sahara, amma ruwa suke bi. Masana tsirrai sun tsinto ƙananansu a Azbin ta ƙasar Nijar, a duwatsun Hoggar na kudancin Aljeriya, da na Tibesti a arewacin Chadi. A duk wuraren nan za ka same su a bakin idon ruwa, ko a kwarmin dutse da ruwa ke kwanciya, irin na garin Timiya a Azbin. Ɗaya daga cikinsu, wanda masana ke kira Cyperus laevigatus, yana son ruwa mai gishiri, shi ya sa ake ganinsa har a bakin tafkunan kanwa.

To, ga inda nake fama da mutane kullum. In aka rubuta a takardar samfuri cewa an tsinto tsiro a wuri kaza, abin da ake nufi shi ne ranar nan wani ya tsuguna a wurin ya cire shi. Shi ke nan. Ba a ce can kaɗai yake ba, balle a ce yana magani. Wannan Cyperus laevigatus ɗin yana nan a ƙasashen Larabawa, yana Indiya, yana Amurka. Amma mai lasifika a bakin tasha ya san mu: da zarar ya ce "daga Azbin", sai kuɗin ƙulli ya ninka, don abin nesa ya fi shiga rai.

Kuma wa ya tantance saiwar? Ni da nake wannan aiki na tantance tsirrai, in ka miƙo mini busasshiyar saiwa ba kai ba fure, ba zan rantse maka da sunanta ba. Sai na ga kan ciyawar, na sa 'ya'yanta ƙarƙashin madubin ƙara girma. Jijin da ke hana manoman albasa barci a fadamar Rima, wanda in ka murza karansa tsakanin yatsu za ka ji kusurwa uku, in ya bushe baƙi ne mai ƙamshi, daidai da abin da aka kawo muku. Ban ce shi aka sayar wa Baba ba, amma wa zai iya musawa? Kajiji dai mun san shi a turaren wuta na iyayenmu mata, can ya yi suna.

Babu wata saiwa da ke maye gurbin insulin, wato allurar masu ciwon suga. Mai buƙatarsa in ya daina, suga na iya hawa cikin 'yan kwanaki: ƙishirwa, yawan fitsari, amai, numfashi sama-sama, daga nan sai suma. Sai a kwaso tsoho ranga-ranga zuwa asibiti, mai maganin kuwa ya riga ya koma wata kasuwa.

Kada ka yi wa Baba gardama gaban mutane, ba zai ji daɗi ba. Ka sami ƙanensa ko limamin unguwa su yi masa magana, allura ta ci gaba yau ɗin nan. Ranar ganin likita ku tafi da ƙullin a nuna masa, tare da takardar da kuke rubuta awon suga na safe.