Mataji mai wuƙa ko barkono a leda: me mace za ta riƙe in tana komawa gida da dare?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina wuni. Ni ɗiya mace ce, ina aiki a wani butik kusa da babbar kasuwa nan Maradi, sai bayan isha'i nike tashi, wani lokaci har ƙarfe 10. Gidanmu unguwar Zariya ne can ciki, kabu-kabu yana sauke ni bakin kwalta sai in taka sauran da ƙafa, kuma lungun namu babu fitila. Satin da ya wuce wasu yara biyu bisa moto suka fizge ma ƙawata salula har suka nuna mata wuƙa. To na ga ana tallar wasu kaya a Facebook, mataji mai wuƙa ɓoye a ciki, da jan baki shi ma haka, da tocila mai jan mutum da lantarki. Wata kuma ta ce in daka barkono in ƙulla a leda. Tunda kai kana koyar da kare kai, wanne ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya tsare gaba, ya mayar ma ƙawarki da alheri.

Kai tsaye dai, duk wani abu mai wuƙa a ciki ki bar ma mai tallar abinsa. Ba don ke mace ce ba, ko ƙaton da ya zo mini da tambayar nan haka zan faɗa masa. Abin da za ki riƙe aikinsa guda ne, ya samo miki daƙiƙa biyu ko uku da za ki ruga ki kai inda mutane suke. Da wannan ma'aunin za ki auna kowane kaya, ba da kyan hoton da aka ɗora ba.

Mu ɗauki matajin nan. Yana ina lokacin da abin zai faru? Yana cikin jaka, ƙarƙashin caja da turare da kuɗin kabu-kabu, jakar kuma tana ƙarƙashin hijabi. Sai kin zuge zif, kin lalubo shi, kin zare murfin da hannu biyu, alhali in tsoro ya kama mutum hannu rawa yake yi, yatsu su ƙi bin umarni, makullin ƙofar gidanku ma da kike buɗewa kullum sai ki kasa saka shi a rami. Wani ɗan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya gwada abin a 1983, ya nuna mutum mai lafiya yana cinye tazarar kusan mita 6 da rabi cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Wannan fa da ƙafa ne, kuma wanda ake gwadawa da shi ya san ana zuwa. Ke kuma 'yan moto ne, daga baya, cikin duhu.

To mu ce kin yi sa'a kin zaro ta. Wuƙar ba ta wuce tsawon yatsa ba, sai kin shiga jikinsa kafin ta taɓa shi, wato daidai wurin da ba ki so ki kasance. Kuma wuƙa ba ta tsayar da mutum nan take yadda mutane ke zato, sau da yawa wanda aka soka ba ya ma sanin an soke shi sai ya ga jini, balle yaron da ya sha ƙwaya. Abin da za ki yi kawai shi ne ki mayar da ƙwacen salula faɗan wuƙa, da wanda ya fi ki sabawa da ita, ga ɗan uwansa na biyu bisa moto. In ya murɗe miki hannu ta dawo tasa. Ko Alfaga da ya ciyo mana azurfa a taikwando a Rio a 2016, a fili yake faɗa, da alƙali, da sulke a ƙirji, mutum guda gaba da gaba. Lungu babu ko ɗaya cikin waɗannan.

Sai maganar doka, wadda masu talla ba za su taɓa gaya miki ba. Dokar hukunta laifuka ta Nijar, wadda asalinta tun 1961, ta yarda mutum ya kare kansa ko ya kare wani, amma sai in harin yana faruwa ne a lokacin, kuma martanin ya yi daidai da girman haɗarin. Wanda ya fizge waya ya juya yana gudu, in kika bi shi kika soke shi, wannan ba kare kai ba ne, ke za a tuhuma. Sannan dokar ta hana yawo da makaman ɓoye irin su sanda mai takobi a ciki. Wuƙar mahauci ko addar manomi kowa ya san aikinsu, amma wuƙar da aka ƙera musamman don ta yi kama da jan baki, me za ki ce ma jandarma in ya zazzage jakarki a shinge?

Tocila mai lantarki ita ma sai kin manna ta a jikin mutum kin riƙe, kuma masu arhan nan ƙara ce kawai da tartsatsi, in mutum ya sa riga mai kauri sai dai ki ƙara fusata shi. Barkono kuwa, gaskiya yana aiki a ido, sinadarin da ke cikinsa ne ma ake yin feshin gwangwani da shi. Matsalar ledar ce. Ƙullin da kika ɗaure tamau don kar ya zube a jaka, shi ne zai ƙi kwancewa ranar da kike bukata, kuma da iskar hunturun Maradi in kika watsa yana iya dawowa fuskarki, ki tsaya kina tari a gabansa ido rufe. In na gwangwanin kike so, ki fara zuwa komisariya ki tambayi matsayinsa, kuma ki duba ranar lalacewarsa. Wani abin da ake yaɗawa kuma, wai a jera makullai tsakanin yatsu a kai naushi, kar ki yi, naki hannun zai fara yagewa.

To me za ki riƙe? Ni na fi yarda da tocila ta gaskiya, ƙarama mai haske sosai, ba ta salula ba, don kunna ta salula tallar wayar ce kike yi. Ki riƙe ta a hannu tun kafin ki sauka daga moto, yatsa bisa makunnin. Tana nuna miki wanda ke tsaye jikin katanga tun daga nesa, shi kuma ya san an gan shi, kuma idon da ya saba da duhu in aka dalle shi da haske yana ɗan ɗaukar lokaci kafin ya dawo daidai, daƙiƙun da muke nema ke nan. Ki haɗa da usur irin na alƙalin ƙwallo, a ɗaure a wuyan hannu, don murya tana iya maƙalewa in tsoro ya yi yawa, amma hura iska ba ya gagara. Laima mai tsawo ma tana da amfani, ba don duka ba, don tokare mutum ya tsaya nesa, ga karnuka kuma. Jakarki in kika riƙe ta gaban ƙirji da hannu biyu garkuwa ce. Babu ɗan sandan da zai tambaye ki dalilin ɗaukar ko ɗaya cikinsu.

Takalmi fa, kar ki raina shi. Silifa mai santsi cikin rairayin lungunan nan ba ta gudu. Ki aje mai kama ƙafa a butik don komawa gida, ki tattare hijabin a hannu in kin sauka, a kan moto ma ki tattare shi saboda taya.

Yanzu abin da ya fi duk kayan nan: ki raba mai son kayanki da mai son ke kanki. In ya nuna wuƙa ya ce kawo waya, ba shi, ki jefa ta gefe guda ki ruga ɗaya gefen. Ba ragwanci ba ne, ai in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Tun yau ki danna *#06# a wayarki, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ki rubuta ta a takarda ki aje gida don kai ƙara, kuɗin kirki kuma kar su zauna wuri guda da wayar. Amma in ya kama ki yana ja zuwa kango ko yana son ɗora ki bisa moto, nan babu lallashi, kar ki yarda a canza miki wuri ko me ya yi alkawari. Ki yi ihu, ki kira sunan maƙwabcin da kika san yana kusa, ki ce ɓarawo, ki kai masa tocilar nan a hanci ko ido, gwiwa a gabansa, yana sakin ki ki ruga, kar ki tsaya ganin abin da ya same shi.

Kuma ni da ke, wancan guntun tafiyar ƙafa ita ce matsalar. Ki sami ɗan kabu-kabu guda da gidanku suka sani, ki ƙara masa ɗan wani abu ya kai ki har ƙofa ya jira ki shiga. Ranar da babu shi, ki kira wani namiji a gida ya tsaya miki bakin kwalta, ki kuma saba gaisawa da mai shayin da ke kan hanyar, shi ne zai fara fitowa in ya ji usur. Ki gwada a tsakar gida da ƙanenki, ya zo miki ba zato ki ga ko za ki iya kunna tocilar ki hura usur ɗin, sai hannu ya saba.

In kuma Allah ya ƙaddara an ji ma wani rauni da wuƙa, a danne wurin da ƙarfi da ɗankwali ko mayafi kar a ɗaga ana leƙawa, in wuƙar tana jiki kar a zare ta, a wuce asibiti nan take. Lambar 'yan sanda 17 ce, ta 'yan kwana-kwana 18.